Amsa daidai, amma an soke ta da jan biro

Makon jiya 'yar ƙanwata da ke aji biyar na firamare ta shigo mini da littafin lissafinta, idonta ya kawo ruwa. An ba su 48 sau 25. Ta rubuta 1200, kuma amsar ke nan babu tantama. Amma malaminsu ya sa jan biro ya soke aikin tun daga sama har ƙasa.

Na ce ta nuna mini yadda ta yi. Ta ce, "Kawu, ai 25 sau huɗu ne ɗari. Shi ne na raba 48 gida huɗu, na samu 12. Ɗari-ɗari har sau 12, dubu ɗaya da ɗari biyu ke nan." Laifinta a wurin malam shi ne ba ta jera lambobin sama da ƙasa ba, ta fara da 5 sannan ta koma kan 2, kamar yadda ya nuna musu a allo. Ya ce mata ba haka ya koyar ba.

Na daɗe ina riƙe da alli a ajin lissafi na sakandare, kuma abin nan ya ƙona mini rai. Abin da yarinyar ta yi shi ne ainihin lissafi. Ta dubi lambobi, ta hango dangantakar da ke tsakaninsu, ta zaɓi hanya da kanta. Irin kan da muke nema a ajin ƙarshe na sakandare muna rasawa, ga shi tun a aji biyar, kuma sakamakonsa sifiri.

Ba malamin kaɗai nake tuhuma ba, don shi ma haka aka rene shi. Tsarin nake tuhuma: malam ya yi misali ɗaya a allo, yara su kwafa, a ba su guda goma masu kama da shi, a yi maki, a tashi. Ra'ayina shi ne, a kowane aji, daga firamare har ƙarshen sakandare, a ware aƙalla darasi ɗaya a mako don matsala guda tak, wadda ba a riga an nuna wa yara hanyarta ba, wadda ke da hanyoyi da yawa, wani lokaci ma amsoshi da yawa. A bar su su yi fama da ita, sannan a kawo hanyoyinsu kan allo a tattauna. Na san abin da abokan aikina za su ce, don na sha jin sa a ɗakin malamai, kuma zan bi maganganun ɗaya bayan ɗaya.

Wace irin tambaya nake nufi?

Ga tambayar da muka saba: "Lambu tsawonsa mita 8, faɗinsa mita 4. Nemo girman filinsa." Yaro ya ce 8 sau 4, ya rubuta 32, shi ke nan. Wanda ya haddace ƙa'idar ya ci, wanda ya manta ya faɗi. Babu abin da ka gano game da tunanin kowannensu.

Ga kuma wata a kan darasin nan dai: "An ba ka wayar shinge mita 24. Za ka kewaye lambu mai kusurwa huɗu. Lambu iri nawa za ka iya yi? Wanne ne zai fi ɗaukar shuka?"

Na kan ba 'yan ajin farko na ƙaramar sakandare wannan. Abin da ake fara ji shi ne, "Malam, ai duk ɗaya ne, tunda wayar ɗaya ce." Kusan rabin aji sukan yarda da haka. Ba na cewa uffan, sai dai in ce su zana mu gani. Wata ta zana 10 da 2, ta samu 20. Na kusa da ita ya zana 8 da 4, ya samu 32. Sai musu ya kaure a bencinsu, kowa na cewa ɗan'uwansa ne ya yi kuskure. Su ƙirga wayar, ta cika 24 a duka biyun. A nan ne za ka ga goshi ya tattare, kuma wannan tattarewar goshin ita nake nema.

Can sai wani ya ce bari a jera su: 11 da 1 ya ba da 11, 10 da 2 ya ba da 20, 9 da 3 ya ba da 27, 8 da 4 ya ba da 32, 7 da 5 ya ba da 35, 6 da 6 ya ba da 36. Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta taɓa ɗaga hannu ta ce, "Malam, ƙarin da ake samu raguwa yake yi: tara, bakwai, biyar, uku, ɗaya." Ban tambaye ta wannan ba. Abin da ta hango kuwa shi ne tushen darasin da ba za ta haɗu da shi a manhaja ba sai ta shiga babbar sakandare.

Wani ɗan baya ya ce, to idan lambun ya jingina da katangar gida fa, ai ɓangare uku kawai za a yi wa shinge? Suka lissafa, 12 da 6 ya ba da 72, ninki biyu na wancan. Wani kuma ɗan makiyaya ya ce su garkensu zagaye suke kewaye shi, ko shi ya fi? Ya fi kuwa: da wayar nan mita 24, da'ira na ɗaukar kusan murabba'in mita 46. Na ce masa ya riƙe tambayarsa, ranar da muka kai kan da'ira da ita za mu buɗe darasi.

Cikin minti arba'in yaran nan sun yi sau fiye da yadda za su yi a tambayoyi goma na kwafe. Mai rauni ya samu lambu ɗaya ko biyu, bai tashi hannu wofi ba. Mai kaifi ya samu abin da zai ci gaba da tono. Kuma duk cikinsu babu wanda zai girma ya sayi fili yana zaton tsawon kewaye shi ne girman fili.

Me tsarin kwafe yake haifarwa?

A wajen 1980, masu binciken koyar da lissafi a birnin Grenoble na ƙasar Faransa sun ba yaran firamare 97 wannan tambaya: a cikin jirgin ruwa akwai tumaki 26 da awaki 10, shekarun matuƙin jirgin nawa? Yara 76 suka haɗa lambobin suka ba da amsa. Ba wauta ce ta sa su ba. Makaranta ce ta koya musu cewa duk inda aka ga lambobi biyu, aikin ɗalibi shi ne ya tara su ko ya ɗebe, ba ruwansa da ma'ana. Duk mai shakka ya jarraba 'ya'yansa da ita yau da daddare.

A Recife ta ƙasar Burazil kuma, Terezinha Nunes da David Carraher da Analúcia Schliemann sun bibiyi yara masu talla a titi, suka fitar da sakamakon a 1985. Lokacin ciniki, yaran sun samu kusan kashi 98 cikin 100 na lissafinsu daidai. Da aka ba su lambobin nan dai a takarda, a salon makaranta, sai suka sauko kusan kashi 37. Wannan ba sai an je Burazil ba. Yarinyar da ke tallan awara ta ba ka canjin dubu ɗaya kafin ka gama zaro hannu daga aljihu, ita ce washegari za ta zauna a aji ana ce mata ba ta da kan lissafi. Kan yana nan. Mu ne muka ce ta ajiye shi a bakin ƙofa kafin ta shigo.

"Jarrabawa ce a gabanmu, ba mu da lokaci"

Wannan ita ce maganar farko kullum, kuma ba ƙarya ba ce. Manhaja ta cika maƙil, zango gajere ne, ga hutun dole da yajin aiki, ga iyaye da shugaban makaranta ba abin da suke dubawa sai sakamakon WAEC da NECO.

To mu dubi jarrabawar kanta. Takarda ta biyu ta lissafin WAEC, wadda ake rubuta aiki dalla-dalla, tana ba da maki ne a kan matakan da ɗalibi ya bi, kuma duk hanya ingantacciya karɓaɓɓiya ce. Duk wanda ya taɓa zama makin takardun nan ya san haka. Rahotannin manyan masu maki kuma sun sha nanata rauni iri ɗaya: ɗalibai na kasa mayar da tambayar da aka rubuta da kalmomi zuwa lissafi. Wato daidai abin da darasin kwafe ba ya koyarwa. Yaron da ya shekara shida ana nuna masa hanya kafin a ba shi tambaya, ranar da ya buɗe takarda ya ga tambayar da aka ɗan juya mata fuska, sai ya daskare. Daga nan ido ya fara leƙen na kusa. Ina da yaƙinin cewa wani kaso na satar amsa da muke kuka da ita daga nan ya samo asali: yaro bai taɓa zama da abin da bai sani ba na minti biyar ba, bai san cewa ana iya fita daga cikinsa ba.

Batun lokaci kuwa, a lissafa wanda muke ɓatawa wajen maimaici. Mu koyar da kewaye da girman fili a aji biyar, mu sake a aji shida, mu sake a ƙaramar sakandare, kuma a babbar sakandare mu tarar ana rikita su. Darasi ɗaya cikin huɗu ko biyar na mako ba shi ne zai hana a gama manhaja ba.

"Ajina ya haura mutum tamanin"

Wannan ta fi ta farko nauyi. A takarda, tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, 40 a babbar sakandare. A makarantun gwamnati da yawa a Arewa, abin da ke cikin aji ya ninka haka, wasu a kan benci, wasu a ƙasa, wasu a bakin taga. Ba zan ce abin da sauƙi ba.

Amma a irin wannan ajin, tsarin kwafe ne ya fi cutarwa. Malam na magana da layi biyu na gaba, sauran suna rubuta abin da ba su ji ba. Ya ba da tambaya goma, littafi tamanin, ya zama amsa ɗari takwas da ba zai iya dubawa ba, sai ya ce a yi musayar littattafai. Idan kuwa matsala ɗaya ce, aka ce kowane benci su yi tare, abin da zai duba bai wuce ƙungiya ashirin ba. Ya zaga, ya leƙa, ya zaɓi hanyoyi uku ko huɗu da suka bambanta, ya kira masu su kan allo. Ba a bukatar kwamfuta, ba a bukatar wutar lantarki. Alli da allo da tsakuwa sun isa.

Japan, wadda ta yi suna a wannan salo, ba da ƙananan azuzuwa ta yi shi ba. Shekaru da dama iyakar ajinsu mutum 40 ne, sai a 2021 aka yi dokar rage na firamare zuwa 35. A 1995 an ɗauki bidiyon darussan lissafi na aji takwas, wato aji biyu na ƙaramar sakandare a wajenmu, a Jamus da Japan da Amurka, James Stigler da James Hiebert suka yi nazarinsu. A Amurka, abin da suka fi gani shi ne irin namu: malam ya nuna, yara su maimaita. A Japan kuwa, sau da yawa malam kan ba da matsala ɗaya, yara su yi fama, shi yana zagayawa tsakanin kujeru yana lura da wanda ya bi wace hanya, sannan a jera hanyoyin a allo ba tare da an goge ba, a kwatanta su, a ƙarshe ya taƙaita darasin.

Tun a shekarun 1970 Shigeru Shimada da abokan aikinsa suke tsara irin waɗannan tambayoyin. Akwai guda da nake so ƙwarai. Yara uku kowanne ya watsa duwatsun wasa biyar a ƙasa. Na wa ne suka fi tarwatsewa, kuma yaya za a auna tarwatsewar da lamba? Wani zai ce a auna tazarar biyun da suka fi nisa da juna. Wani ya ce a zagaye su da zare a auna zaren. Wani ya ce a nemo ƙaramar da'irar da za ta rufe su duka. Kowace hanya na da inda ta yi kyau da inda ta gaza, kuma yaran ne za su gano wa junansu. Wannan a tsakar makarantar ƙauye ma ana iya yin sa.

Hayaniya fa? Za a yi. Amma kunnen malami ya san bambancin surutun banza da musun yara a kan ko 35 ya fi ko 36.

"Yaran da ba su iya sau ba za ka ce su yi bincike?"

A nan zan ba masu wannan magana rabin gaskiya, don suna da ita. John Sweller, masanin ilimi ɗan Ostireliya, ya daɗe yana nuna cewa sabon shiga ya fi koyo idan aka nuna masa misalin da aka warware, domin ƙwaƙwalwa ba ta iya riƙe abubuwa da yawa a lokaci guda. A 2006 shi da Paul Kirschner da Richard Clark sun yi rubutu mai zafi a kan masu cewa a sake wa yara su gano komai da kansu. Yaron da sai ya ƙirga yatsu kafin ya san 7 sau 5, ƙarfinsa zai ƙare a ƙirgen, ba zai kai ga hango tsarin da ke cikin lambobin ba.

Saboda haka hadda tana nan daram. A haddace sau, a yi atisaye, malam ya yi bayani a allo. Mu da muka taso a makarantar allo mun san darajar hadda, kuma mun san cewa bayan hadda akwai zaman fashin baƙi. Abin da na ƙi shi ne a tsaya a hadda daga aji ɗaya har aji goma sha biyu, ana cewa sai tushe ya yi ƙarfi, alhali ranar ba ta taɓa zuwa.

Kuma abin da nake kira a yi ba sakin yara ba ne. Malam ne ya zaɓi matsalar, ya san darasin da yake so ta haifar, shi ne kuma zai ɗaure zancen a ƙarshe. Manu Kapur, wani mai binciken koyar da lissafi, ya gwada wannan a makarantun Singapore: wasu ɗalibai aka fara koya musu ƙa'ida sannan atisaye, wasu kuma aka bar su suka yi ta gwada hanyoyinsu, yawanci ma ba su kai ga amsa ba, sannan aka koya musu. Rukuni na biyu sun fi fahimtar dalilin ƙa'idar, sun kuma fi iya amfani da ita a tambayar da ba su saba gani ba. Wanda ya sha wahalar neman abu, idan aka miƙo masa ya san amfaninsa.

Akwai kuma matsalar harshe. Yaro na iya samun tunani mai kyau ya rasa Turancin faɗinsa, sai ya yi shiru. A irin wannan darasin ina barin su su yi musunsu da Hausa, idan an zo rubutawa a allo mu mayar da shi Turancin jarrabawa tare.

"Wannan tsarin baƙi ne"

Wannan ce ta fi ba ni mamaki, don tarihinmu bai goyi bayanta ba.

Muhammad bn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi malami ne daga Katsina da ya tafi aikin hajji ya zauna a Alƙahira. A 1732 ya yi rubutu a kan yadda ake gina hatimin lambobi mai gidaje mara, inda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, ke ba da jimla ɗaya. A Alƙahira ya rasu a 1741, kuma har yau masu tarihin lissafi na ambaton sa. Ba batun tsibbu nake yi ba, lissafin da ke ciki nake nufi. Ka zana gidaje tara ka ce yara su zuba 1 zuwa 9 yadda kowane layi zai zo daidai da ɗan'uwansa, kada ka faɗa musu jimlar. Wani zai yi ta gwaji yana gogewa. Wani zai ce, ai duka lambobin 45 ne, layi uku ne, dole kowanne ya zama 15. Idan sun samu, ka tambaye su me ya sa 5 ba ta barin tsakiya. Yaran da ke zaune a Katsina sun cancanci su san cewa wani ɗan garinsu ya yi wannan tunanin kusan shekara ɗari uku da suka wuce.

Ga kuma ilimin rabon gado, wanda malamanmu na zaure ke koyarwa har gobe. Mace ta rasu ba ɗa ba iyaye, ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji na da rabi, su kuma suna da sulusi biyu. Idan aka raba dukiyar gida shida, miji na neman uku, su na neman huɗu, ya zama bakwai. Gidajen ba su isa ba. Irin wannan mas'ala ta taso a zamanin Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, kuma babu misalin da aka riga aka warware a allo da za a kwafa. Ya yi shawara da sahabbai, aka tsaya a kan a raba gida bakwai, ragin ya shafi kowa gwargwadon rabonsa. Idan naira 700,000 ce, miji ya ɗauki 300,000, kowace 'yar'uwa 200,000. Shi kansa al-Khwarizmi, wanda ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, babban kaso na littafin a kan mas'alolin gado da wasiyya ne. Ɗalibin da aka ba wannan ya zauna da ita kafin a faɗa masa mafita ba zai sake tambayar amfanin rabi da sulusi ba.

Ko dattawan da ke buga dara a gindin bishiya, lissafin mataki uku gaba suke yi, ba wanda ya ba su ƙa'ida a rubuce.

Abin da ba a faɗa a fili

Duk waɗannan dalilai ana faɗin su da babbar murya. Akwai wanda ba a faɗa, kuma a ganina shi ne babba: tsoro. Malami na tsoron yaro ya kawo hanyar da shi bai sani ba, ya rasa ko daidai ce ko ba daidai ba, a gaban aji. A firamare musamman, da yawa daga masu koyar da lissafi ba shi suka karanta ba, wasunsu ma gudunsa suka yi tun suna ɗalibai, aka ba su aji aka ce su koyar da komai. Hanya ɗayar da ke cikin littafi ita ce mafakarsu. Duk abin da ya kauce mata, soke shi ya fi sauƙi a kan bincika shi.

Ban ga laifin mutum don ya ji wannan tsoron ba. Al'adarmu ta ɗora wa malami cewa shi ne mai sani, cewa "ban sani ba" zubar da girma ne. Alhali manyan malamanmu na addini sun koya mana akasin haka, kuma an san Imamu Malik da yawan faɗin bai sani ba idan aka tambaye shi abin da bai tabbatar ba. Malamin lissafi da zai iya cewa, "Ban taɓa ganin wannan hanyar ba, zo ka nuna mana, mu gwada ta da wasu lambobin mu gani ko za ta tsaya," ya koyar da abin da ya fi darasin ranar. Girmansa kuma ba ya raguwa a idon yara, ƙaruwa yake yi.

Maganin tsoron nan ba taron bita na kwana uku a otal ba ne. A 2006 an fara shirin SMASE da tallafin hukumar JICA ta Japan a jihohin Kaduna da Neja da Filato, don horar da malaman firamare su koyar da lissafi da kimiyya ta hanyar sa yara aiki da hannu da tunani, daga baya aka faɗaɗa shi ta hannun Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna. Manufar mai kyau ce. Amma malamin da ya dawo daga horo ya tarar da mai duba makarantu yana ƙirga shafukan da aka cika a littafin yara da adadin atisayen da aka yi wa maki, cikin wata guda zai koma gidan jiya.

Abin da malaman Japan ke yi, kuma ba ya cin kuɗi, shi ne su zauna su uku ko huɗu su tsara darasi ɗaya tare. Su warware matsalar da kansu ta kowace hanya da suke zaton yara za su bi, har da hanyoyin kuskure. Ɗaya ya shiga ya koyar, sauran su tsaya a gefe suna kallon abin da yara ke rubutawa, bayan an tashi su zauna su tattauna. Malamin da ya riga ya ga hanyoyi biyar a ɗakin malamai, ta shida ba za ta razana shi a aji ba. Shugaban makaranta na iya ware awa ɗaya a kowane mako biyu don wannan ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Masu duba makarantu kuma, idan sun shiga aji, su riƙa duban allo: hanya nawa ce a rubuce a kansa, kuma rubutun wa da wa ne?

Iyaye ma da nasu. Idan yaro ya dawo ya ce yau tambaya ɗaya kawai suka yi, kada a garzaya makaranta a ce malam rago ne. A ce ya kawo tambayar a gwada a gida.

Ga malamin da ke son farawa a makon nan, ga wadda ba ta bukatar shiri mai yawa, kuma ta yi wa 'yan aji huɗu kamar yadda ta yi wa 'yan sakandare. Hanya nawa za a iya biyan naira 1000 da takardun 100 da 200 da 500 da 1000? Yara za su fara kawo uku, huɗu, shida, kowa na ihun ya samo sabuwa. Hanyoyin 11 ne, amma kada ka faɗa. Idan sun ce sun gama, ka tambaye su yaya suka tabbata babu wata da ta rage. Sai wani ya ce a fara da waɗanda babu ɗari biyar a ciki, shida ne. Sannan masu ɗari biyar ɗaya, uku ne. Sannan ɗari biyar biyu, sannan dubu guda. Idan da sauran lokaci, ka ce to a ƙara takardar 50 a ga yadda adadin zai koma.